Gidan da Banki Ya Ce Ba Kowa a Ciki

Mutanen layin da ke ba da labarin abin da ya faru a gidan Masta sukan ɗora laifin gaba ɗaya a kan aku. Wannan kuskure ne a tarihi, kuma rashin adalci ne ga tsuntsun, domin shi a ƙarshe ya shigo maganar. Wanda yake son fahimtar al'amarin yadda ya kamata, daga usur zai fara.

Masta tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa ne. Ya kama aiki tun jirage na cin kwal, ya ga zuwan masu shan dizal, ya yi ritaya a shekarar da aka rufe ƙaramin layin da ya ratsa tasharsa. Ranar da ya ajiye aiki ya miƙa makullai da fitila, amma aka ce ya tafi da kakinsa da hularsa da usur, tun da babu wanda zai gaje shi. Akun ma daga tashar ya fito. Wani fasinja ne ya manta da kejinsa a kan benci, aka ajiye shi a ɗakin kayan tsintuwa har wa'adin da ƙa'ida ta ɗiba ya cika, ba wanda ya zo nema, sai Masta ya kawo shi gida. Tsuntsun bai taɓa furta kalma ko ɗaya ba. Abin da ya iya shi ne kwaikwayon ƙara: tarin tsohuwar gidan, kukan ƙofar sito, da tafasar buta.

Gidan kuwa da lamunin banki Masta ya saye shi, kuma gidan ne jingina. Shekara da shekaru yana biya wata-wata ba fashi, har ya fi jiragensa cika alkawari. Sai abubuwa suka haɗu masa a damina ɗaya. Iska ta yaye rabin rufin, aka yi wa matarsa aikin ido, kuɗin fansho kuma suka koyi zuwa a makare. Wata ya wuce bai biya ba, wani ya bi bayansa, wani ya ƙara bi. Banki ya fara kira a waya. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsawata wa masu latti bai san da wane baki zai ce shi ma ya makara ba, don haka ya kashe wayar, ya jefa ta a aljihun kaki, ya rataye kakin a kabad.

Ana haka wata farar mota mai tambarin banki ta tsaya a ƙofar gida da hantsi. Wata jami'a ta fito, matashiya mai tabarau da lema. Masta ya hango ta ta taga, ya ɗora yatsa a baki, kowa ya yi tsit. Ta ƙwanƙwasa, ta yi sallama, ta jira, ta koma mota. Da motar ta ɓace Masta ya ji wani daɗi irin wanda yake ji a da in jirgi ya tashi a kan lokaci, nan take kuma ya tara mutanen gidan a falo. Su uku ne: matarsa, wadda duk layin ke kira Uwargida, 'yarsu Auta, tela ce, a gida take ɗinki, da surukarsa, Kaka, wadda kunnenta ya yi nauyi, ƙafafunta kuma suka daina tafiya mai nisa.

"Ku saurara," in ji Masta. "Banki ba zai iya ƙwace gida ba sai ya sanar da mai gidan ido da ido. In bai ga mai gida ba, bai sanar ba. In bai sanar ba, gida yana nan."

"Wa ya faɗa maka haka, Malam?" Uwargida ta tambaya.

"Hankali ne ya faɗa mini. A tasha, kayan da ba a miƙa hannu da hannu ba, ba a isar da su ba."

"To ai banki ba tasha ba ne."

"Ko'ina tasha ne in akwai tsari."

"Baba, da ka je ka yi musu bayani," in ji Auta. "Su ma mutane ne."

"Ke riƙe almakashinki. In je in tsaya a gaban yarinyar da na haifi sa'arta in ce mata me? Fansho zai zo, in biya su a dunƙule, in fito da kaina a sama. Kafin nan, ba ma nan."

"Me yake cewa?" in ji Kaka.

"Ya ce ba ma nan, Kaka."

"To ina muke?"

Masta ya riga ya fara raba aiki. Mai askin da shagonsa ke fuskantar gidan shi ne sigina ta farko: in ya ga farar mota ta shigo layi, zai rataye jan tawul a ƙofarsa. Masta, wanda zai riƙa zama a bakin tagar falo kusa da kejin aku, shi zai busa usur, dogon busa ɗaya. Da jin haka Uwargida za ta kashe risho, ta sauke tukunya, ta kai sito a can ƙarshen tsakar gida. Auta za ta tsayar da keken ɗinki, ta kwashe shanya da takalman bakin ƙofa. Sannan su biyun su ɗauki Kaka da kujerarta su shige sito su ja ƙofa. Shi Masta zai lulluɓe keji da tsumma ya shiga kabad ɗin tufafi da ke ɗakinsa, domin daga nan ana jin abin da ke faruwa a ƙofar gida. Babbar doka ita ce ta ƙarshe: komai daɗewa, ba mai motsi sai an ji gajeren busa biyu.

Dole a faɗi gaskiya, ba a taɓa ganin tsari mai kyau irin wannan a layin ba. Masta ya riƙa yi musu atisaye safe da yamma. Yakan busa usur ana tsakiyar cin abinci, yakan busa Auta na gwada wa mai ɗinki riga, har sai da mai ɗinkin ita ma ta tsinci kanta a sito da hannun riga ɗaya. Da farko Uwargida tana yi tana mita. Daga baya jikinta ya saba, har in yara suka busa usur a filin ƙwallo sai ta ga hannunta ya kai kan risho. Kaka ce kaɗai ta ji daɗin abin. Ta ce tun da aka yi mata aure ba a taɓa ɗaukarta a kujera ba, sai yanzu da surukinta ya haukace.

"Riƙe da kyau, 'yar nan," takan ce wa Auta. "Kin fi buhun auduga girma amma ba ki da ƙarfin kaza."

"Ke kuma kin fi buhun gishiri nauyi, Kaka. Me kike ci a ɓoye?"

Jami'ar ta dawo, ta sake dawowa, ta kuma dawowa. Kowane zuwa tsarin ya yi aiki. Nasara ta sa Masta ya faɗaɗa shi. Ya sa aka cire labulen tagogin gaba, domin labule shaida ce. Ya hana share ƙofar gida. Ya bar ciyawa ta fito a bakin dakali, ya cire ƙwan fitilar waje, ya ce kowa ya riƙa shiga da fita ta ƙofar baya, har masu kawo ɗinki. Ya kuma ba mai aski umarni cewa in an tambaye shi ya ce sun tashi. Mai askin mutum ne mai son ya burge, sai ya ƙara gishiri. Ya gaya wa jami'ar cewa shi da kansa ya taya su loda kaya a mota, kuma har hawaye ya yi.

Daga nan farar motar ta daina zuwa. Masta ya bayyana wannan a matsayin janyewar abokan gaba, ya sa aka dafa shayi mai kauri.

Wata safiya yana zaune a bakin taga, jan tawul bai fito ba, sai ya ji ana ƙwaƙule ƙofar gaba da ƙarfe. Ya zare sakata ya buɗe. Wani mutum ne tsugune da jakar kayan aiki, kekensa jingine da bango. Mutumin ya ɗaga kai ya ga dattijo a tsaye cikin gidan da aka ce masa kango ne, sai ya faɗi zaune.

"Mutum ne?" ya tambaya a hankali.

"Mutum ne. Kai wane ne, me kake yi wa ƙofata?"

"Mai gyaran makulli ne, Baba. Banki ne ya aiko ni in sauya kwado. Sun ce ba kowa. Kai ta ina ka shiga?"

"Ta ina na shiga gidana?"

"Ni dai ban san komai ba. Tsaya in kira wadda ta aiko ni, ku yi ta da kanku."

Kafin Masta ya sami abin cewa, mutumin ya danna waya ya manna masa a kunne. Muryar jami'ar ce. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyali.

"Baba," ta ce, "duk zuwan da na yi kuna ciki?"

Masta ya yi gyaran murya. "Ya danganta da abin da ake nufi da ciki."

"Baba, ni fa daga sashen sulhu nake. Aikina shi ne in zauna da wanda biya ya gagare shi, mu duba abin da ya same shi, mu sake tsara masa yadda zai iya. Ba ma son gwanjo, wahala ne, kuma asara muke yi. Amma gidan da aka tabbatar an gudu an bar shi, ba ni da sauran iko a kansa. Na ga ciyawa, na ga ba labule, maƙwabcinku ya ce har kuka ya yi da za ku tafi. Na rubuta abin da na gani. Fayil ɗinku ya bar teburina, yana hannun masu gwanjo."

Masta ya dafa bango. Ya hango mai aski a can ƙetaren hanya yana ɗaga masa hannu cikin fara'a.

"Yanzu yaya za a yi, 'yata?"

"Manajanmu ne kaɗai zai iya dawo da shi, kuma ba zai yarda da maganata ba tun da ni na rubuta akasin haka. Zan roƙe shi mu zo tare gobe da hantsi. In ya ga mutane da idonsa, fayil ya dawo wurina. In bai gani ba, ba zai sake zuwa ba, Baba. Ba mutum ne mai maimaita tafiya ba."

Masta ya miƙa wayar. Da yake ba ya son a yi zuwan banza, ya ce wa mai gyaran makullin ya shigo ya duba masa ƙofar kabad, wadda ta daɗe ba ta kamawa. Mutumin ya sa mata sabon maƙalli mai kama kansa da zarar an ja ƙofa, ya gwada shi ya ji ƙas, ya karɓi ladansa ya hau keke.

Uwargida ba ta ce ta faɗa masa ba. Ta dube shi kawai, ta ɗauko tsintsiya ta miƙa masa. Ranar nan Masta da hannunsa ya share ƙofar gida, ya tuge ciyawa, ya mayar da ƙwan fitila. Auta ta rataye labule. Aka wanke duk abin da ke wankuwa a gidan, har wanda ba shi da datti, don a cika igiya da shanya. Aka jera takalma a bakin ƙofa, har da na marigayi mijin Kaka. Da yamma Masta ya sake tara su, ya cire usur daga wuyansa, ya rataye shi a ƙusa a bangon falo.

"An soke tsohon tsari," ya ce. "Sabon tsari shi ne a gan mu. Kowa ya yi motsi, kowa ya yi hayaniya. Kujerar Kaka a tsakiyar falo. Keji a kan taga, ba a lulluɓe ba, don a ga har tsuntsu muna da shi."

"Me yake cewa?" in ji Kaka.

"Ya ce yanzu muna nan, Kaka."

"Yaushe muka dawo?"

Washegari Masta ya sa kakinsa, ya goge maɓallan, ya ɗora hula. Wayar na nan a aljihu, a kashe, bai tuna da ita ba. Uwargida ta ɗora tukunya mafi girma, ta zuba albasa da yawa don ƙanshi ya kai titi. Auta ta zauna a keke tana ɗinka tsumma a kan tsumma don ƙara kawai. An bar ƙofar gaba a buɗe. Mai aski ya rufe shago ya ce yana da zazzaɓi. Masta ya shiga ɗaki ya tsaya gaban madubi yana maimaita jawabin da zai yi wa manaja.

A nan aku ya shigo tarihi. Duk tsawon lokacin atisayen nan yana zaune a bakin taga yana kallo, ya kuma lura cewa farar mota da dogon busa tare suke zuwa. Yau ga farar mota ta karyo kwana, ga usur a rataye, ba wanda ya yi abin da ya kamata. Tsuntsun ya miƙe wuya ya cike giɓin. Dogon busa ɗaya, tsaf, wanda ko Masta bai taɓa yin mai kyansa ba.

Abin da ya biyo baya ba shawara ba ce ta kowa, jiki ne ya yi aikinsa. Uwargida ta kashe risho ta sungumi tukunya, tana cewa a ranta lallai Malam ya hango wani abu, wataƙila masu gwanjo ne suka riga manaja. Auta ta kwashe shanya da takalma cikin ƙiftawar ido. Suka ɗauki Kaka, tana cewa su bi a hankali shayinta zai zube, suka shige sito suka ja ƙofa. Masta kuwa, wanda ƙafafunsa suka yi shekaru suna bin usur kafin kansa ya yi tunani, ya ga kansa a cikin kabad, ya ja ƙofa, ya ji ƙas.

Sai a cikin duhun nan, da hancinsa a cikin tsohuwar rigar sanyi, tambayar ta zo masa: wa ya busa?

Ya tura ƙofar. Mai gyaran makulli ya san aikinsa.

Ya ji motar ta tsaya, ya ji sallamar jami'ar, ya ji takun takalma masu nauyi sun shigo falo.

"Ina mutanen?" Muryar namiji ce, busasshiya.

"Ranka ya daɗe, jiya na yi magana da shi. Ga labule, ga ƙofar gida an share."

"Labule ko ni zan iya ratayawa kafin la'asar. Ina takalma? Ina shanya? Ina girki?"

"Akwai ƙanshin albasa."

"Ba a ba albasa lamuni ba."

"Ga tsuntsu, ranka ya daɗe."

"Tsuntsu ba ya cikin waɗanda ƙa'idarmu ta ɗauka a matsayin mazauna gida."

Aku ya yi tarin Kaka. Jami'ar ta ce, "Ka ji, akwai tsohuwa." Sai aku ya yi tafasar buta, manajan ya ce ya gane ko wace tsohuwa ce.

Masta ya lissafa halin da yake ciki. Usur yana falo. Matan suna sito, kuma shi da kansa ya horar da su kada su motsa ko da rufi zai faɗo, sai sun ji gajeren busa biyu. Hanya ɗaya ta rage, ita ce ya ɗaga murya. Amma in ya ɗaga, yarinyar da ya haifi sa'arta za ta buɗe kabad ta ga tsohon shugaban tasha, da hula da maɓallai, a tsakanin zannuwan matarsa. Manaja zai gani, direba zai ji, mai aski zai ƙara gishiri, kafin magariba labarin ya kai ƙarshen layi. Ya yi tunanin ko ya bari su tafi, ya bi su ofis daga baya da mutuncinsa. Sai ya tuna ta ce mutumin ba ya maimaita tafiya.

Takun ya shigo ɗakin, ya tsaya, ya juya.

"Kin ɓata mini safiya," in ji manajan. "Wani ne ya kwana a nan ya yi miki wasa da hankali. A dawo da mai kwado. Mu tafi."

Masta ya tuna ranar da suka tare a gidan, Uwargida na auna tagogi da ɗankwalinta, Auta na rarrafe a simintin da bai gama bushewa ba, har yau sawun hannunta na nan a bakin ƙofar kicin. Ya ja numfashi, ya fito da muryar da a da take tsayar da fasinja daga wancan ƙarshen dandamali.

"Akwai mutane!"

Takun ya tsaya.

"Akwai mutane a gidan nan," Masta ya maimaita, a hankali wannan karon. "Ɗaya daga cikinsu yana cikin kabad. A taimaka a murɗa maƙallin ta waje, zuwa dama."

Jami'ar ce ta buɗe. Masta ya fito, ya cire wani ɗankwali da ya maƙale a maɓallinsa, ya gyara hula, ya ƙame.

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe. Ni ne mai gidan."

Manajan dogo ne mai furfura a gefen kunne. Ya dubi Masta, ya dubi kabad, ya sake duban Masta. "A nan kake zaune?"

"A gidan, i. A kabad, lokaci-lokaci."

Jami'ar ta juya fuskarta ga bango, kafaɗunta na rawa.

"Kai kaɗai ne?"

"Mu huɗu ne. In an ba ni izini zan shigo da sauran."

Ya wuce falo, ya sauko da usur daga ƙusa, ya yi gajeren busa biyu. Ƙofar sito ta yi kuka. Uwargida ta fara fitowa rungume da tukunya, ta ajiye, Auta ta biyo da shanya a kafaɗa da takalma a cikin zani, ta zube su a gaban manaja, suka koma suka fito da Kaka a kujera, da kofinta a hannu, suka sauke ta a tsakiyar falo. Kaka ta ƙura wa jami'ar ido.

"Ai na san yarinyar nan," ta ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa. "Ita ce mai lema. Ina hangenta ta hudar bangon sito tana shan rana, ko ruwa ba a ba ta. Na ce musu ba tarbiyya ba ce. Auta, kawo mata ruwa. Wannan dogon mijinta ne?"

Manajan ya nemi kujera ya zauna. Ya cire tabarau ya goge idonsa, ya daɗe yana gogewa. Da ya mayar, ya ce wa jami'ar ta ɗauki fayil ɗinta, amma yana son ya ji da kunnensa yadda aka yi aka kai nan.

Masta ya faɗa. Ya faɗi rufin, ya faɗi aikin ido, ya faɗi fansho, a jere, kowanne a lokacinsa, bai rage ba bai ƙara ba. Ya yi mamakin yadda maganar da ya yi ta gudu ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Jami'ar ta yi tambayoyi. Ta tambayi lokacin da fansho ya saba shigowa, ta ce za a matsar da ranar biya zuwa bayan nan. Ta ce za a ƙara tsawon wa'adi don abin da ake biya a wata ya sauko, abin da ya taru kuma a mayar da shi can ƙarshe. Ta yi tambaya a kan ƙarar keken da take ji wani lokaci kafin ta yanke kamar an tsinke wuta, Auta ta ce nata ne.

"To me ya sa masu ɗinki suke shiga ta baya kamar masu laifi? Ɗakin gaban nan shago ne. Ki sa allo, ki buɗe taga. Za mu lissafa da ke a cikin masu kawo kuɗi gidan nan, in kin yarda."

"Na yarda. Dama na gaji da gwada riga a sito."

"Sharaɗi ɗaya ne nawa," in ji manajan. "In an kira, a ɗauka. In wata ya zo da matsala, kai za ka riga mu kira. Ina wayar?"

Masta ya laluba aljihun kakinsa, ya fito da ita, ya kunna. Ta yi ta ƙara tana sauke kiraye-kirayen da ba a ɗauka ba, aku yana saurare da kai a karkace, kowa ya san an sami sabon abin koyo.

Da za su tafi manajan ya tsaya gaban keji. "Shi ya busa?"

"Shi ne, ranka ya daɗe. Amma ba laifinsa ba ne. Ba a sanar da shi an soke tsari ba."

Ranar da aka sa hannu a sabuwar yarjejeniya Masta da ƙafarsa ya je banki, ya riga masu gadi isa. Uwargida ta karɓe usur, da shi take kiran mutane cin abinci, kuma gajere biyu kawai take busawa. Auta ta cire maƙallin kabad ta jefa a kwalin maɓallai. Mai aski ya ce shi dama ya san haka za ta ƙare. Kaka ta daɗe tana ƙorafin an daina ɗaukarta.

Aku ne kaɗai ya ƙi karɓar sabon tsari. Har yau in farar mota ta shigo layi, ta banki ce ko ta mai burodi, sai ya miƙe wuya ya yi dogon busa. A irin wannan lokacin masu jiran ɗinki a shagon Auta sukan ga Masta a ƙofar gida, gwiwoyinsa sun ɗan lanƙwasa kamar mai shirin rugawa kabad, ya riƙe ƙyaure da hannu ɗaya gam, ɗaya hannun kuma ya ɗaga yana gaishe da direba.